A Faɗa Mini a Kunne

Duk unguwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangi an san cewa Allah ya ba Jalaluddeen ɗan Alhaji Abdulmutallib kai wanda ba ya mantuwa. Shi ne ya sanar da mutane.

Ba ƙarya ce zalla ba. Ya haddace lambobin wayar rabin 'yan kasuwar Titin Koudoukou, ya yi karatun kwamfuta a Yawunde ya dawo da takarda mai tambari, kuma yakan tuna maganar da ka yi bara waccan, musamman idan kuskure ka yi a cikinta. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya jure a ga aibin aikinsa a gaban jama'a. Idan ka gyara shi a kaɗaice, sai ya yi murmushi ya ce ai ya riga ya sani. Idan ka gyara shi a gaban mutum na uku, ka yi sallama da gaisuwarsa har wata Sallar.

Mahaifinsa, Alhaji Abdulmutallib, tsohon ɗan kasuwar atamfa ne, kuma an san shi da hali guda: ba ya fashin jana'iza. Ko ya san mamacin ko bai san shi ba, da ya ji an yi rasuwa sai ya ja ƙofar shago ya tafi. To amma tun shekarun tashin hankali mutanen unguwa sun watse. Wasu suna Kokoro, wasu Kilomita Sha Biyu, wasu Bimbo, wasu sun dawo sun tarar gidajensu sun sami wasu masu shi. Idan aka yi mutuwa, sai a tura samari a kan babur su zaga su faɗa, kuma babur ba ko'ina yake kaiwa ba. Wata rana Alhaji ya ji labarin rasuwar wani amininsa bayan har an yi sadakar bakwai an tashi. Ya dawo gida ya zauna, aka kawo abinci bai taɓa ba.

"Jalalu," ya ce, "na tsaya a sahun mutane da yawa. Ban tara komai ba sai wannan. Abu ɗaya nake roƙonka: ranar da tawa ta zo, kada wani ya ce bai ji ba."

Daga wannan maganar aka haifi manhajar da suka sa wa suna Shela. Aikinta ba shi da wuya a fahimta. Mutum ya ba da lambarsa, idan aka yi rasuwa a rubuta sunan mamaci da wurin salla, wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakin bayan shagon Alhaji ta aika wa kowa saƙo ɗaya bayan ɗaya. Idan ta gama, sai wata alama koriya ta fito a fuskarta. Jalaluddeen ya bar rubutun manhajar a buɗe a intanet, kowa na iya karantawa ya ɗauka ya gyara, domin haka ake yi a wuraren da ya yi karatu, kuma domin yana son a karanta. Fisabilillahi aka yi, babu mai karɓar albashi. Ƙanensa Yahuza ne ke shigar da sanarwa. Wani Sha'aibu, ɗan unguwa da ya koma Duwala, yana taimakawa da rubutu daga can. Sai Zulaihat, 'yar ƙanwar Alhaji, malamar kwamfuta a wata makarantar sakandare, wadda kasancewarta abokiyar wasansa ya sa ita kaɗai ke faɗa masa gaskiya ba tare da ta fara neman gafara ba.

Shela ta karɓu. Cikin shekara guda aka daina tura samari a babur. Limamai suka sa albarka, tsofaffi suka koyi buɗe saƙo, Alhaji kuwa ya samu jana'izar zuwa har ya fara gajiya. A bakin Masallacin Koudoukou aka koma kiran Jalaluddeen da Injiniya, kuma bai taɓa roƙon a daina ba.

Kamar kowane aikin hannun ɗan'adam, Shela tana da tangarɗa nan da can. Wani lokaci sunan unguwa ya fito sau biyu, wani lokaci saƙo ya zo rabi. Saboda haka wata ranar Lahadi da rana suka zauna a ɗakin bayan shago, da butar shayi da ledar fanken da ake kira makala, Sha'aibu yana kan waya daga Duwala, don su yanke yadda za a riƙa tattara matsalolin.

Zulaihat ta ce abin ba sabo ba ne. A buɗe shafi a gefen rubutun manhajar, duk wanda ya ga matsala ya rubuta ta a can, kowa ya gani, wanda ke da lokaci ya ɗauka ya gyara, ya rubuta cewa ya gyara. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa Yahuza ya shigar masa.

"Kowa ya gani," in ji Jalaluddeen.

"Kowa. Ai rubutun ma kowa yana gani."

"Rubutu daban, aibi daban. Zulai, aikin mutuwa muke yi. Mutum ya shigo ya tarar da shafi cike da 'ba ta aiki, ta lalace, ta yi kaza', wa zai sake ba mu lambarsa? Mu ba haka aka rene mu ba. Idan ka ga ɗan'uwanka da abin kunya, gefe kake jan shi."

"Injiniya, ba ɗan'uwanka ba ce, manhaja ce. Ba ta jin kunya."

"Sunana ne a kanta."

"Yauwa," ta ce, ta ɗauki makala. "Da ka fara da wannan da mun tashi da wuri."

Sha'aibu ya yi gyaran murya daga cikin wayar, ya ce ko a tsaya a tsakiya, a riƙa rubutawa a gurup ɗinsu na Watsap, mutum huɗu kawai. Jalaluddeen ya ce gurup ana ɗaukar hotonsa a tura wa wasu. Ya ce ga tsari, kuma mai sauƙi: duk wanda ya ga matsala, ya same shi ya faɗa masa a kunne. Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. Ya ce nan ba a ɗauke wuta, nan ba ya buƙatar rezo, wato sabis ɗin waya.

Ba a kaɗa ƙuri'a ba. Kwamfutar tasa ce, ɗakin na mahaifinsa ne, shayin ma shi ya saya.

Akwai abin da Jalaluddeen bai lissafa ba, ko da yake a unguwar aka haife shi. Mutumin Kilomita Biyar ba ya tsayawa gaban wanda ke yi masa aiki don Allah ya ce aikinka bai yi ba. Sai ya gaishe ka, ya tambayi Alhaji, ya tambayi iyali, ya yaba ƙoƙari, ya yi addu'a, sannan daf da rabuwa ya saki ƙorafin a hankali kamar wanda ke ajiye ƙwai. Kafin maganar ta isa kunne ta riga ta narke.

Haka Malam Illiyasu ya yi, abokin Alhaji tun suna samari, wanda yanzu yake zaune a Kilomita Sha Biyu. Ya tare Jalaluddeen bayan Juma'a, ya riƙe hannunsa.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wannan aiki naku, sai dai mu ce singila, mun gode."

"Amin, Baba."

"Ba wani abu ba ne. Ka san wayar tsoho. Rasuwar nan ta makon jiya, ta Kokoro, ni saƙon bai zo mini ba. Amma ina jin ni na danna wani wuri."

"Wataƙila wayar ce ta cika, Baba. Zan duba."

"A'a, kada ka wahalar da kanka. Yeke yeke, a hankali a hankali."

Haka wata tsohuwa, 'Yargoggo, ta aiko jikarta da ƙosai da kuma saƙon cewa ba ta ji rasuwar maƙwabciyarta ta dā ba, amma ba komai, ƙila idonta ne. Haka wani mai canjin kuɗi ya faɗa masa tsakanin ciniki biyu. Haka wani direban babbar mota. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai abin ya sama, domin babu inda zai ga cewa ya sami wani. Kowanne ya ɗora laifin a kan wayarsa ko a kan kansa, Jalaluddeen kuwa bai ga dalilin jayayya da su ba.

Ba za a ce ba ya aiki ba. Wani babban dillali ya ce rubutun ya yi ƙanana, washegari ya girma. Wani liman ya ce a riƙa fara saƙo da Innalillahi cikakke, kafin Magariba an sa. Kan Jalaluddeen yana riƙe komai, sai dai yana jera su ne bisa girman rawanin wanda ya faɗa.

Zulaihat ce ta gano tushen abin. Ta lura duk masu cewa ba su ji ba, a ranar ruwa ne ko ranar da aka ɗauke wuta. Ta zauna ta bi rubutun, ta ga inda ramin yake. Idan rezo ya yanke kwamfutar tana tsakiyar aikawa, ba ta jira ya dawo ta ci gaba. Tsallake sauran mutanen take yi, sannan ta kunna alamar nan koriya kamar ta gama. Zulaihat ta bi doka. A wajen wani suna a Kokoro ta sa aka kira shi zaure, ta ja shi gefe, ta faɗa masa a kunne.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Yana kaina. Dama ɓangaren nan gaba ɗaya zan sake rubuta shi."

"To ka bar ni in toshe shi kafin ka sake rubutawar."

"Kada ki taɓa. Za ki rikita mini tsari."

"Injiniya, wannan kan naka, akwai ƙofar fita kuwa? Shiga kawai nake ganin ana yi."

Ya yi dariya, domin abokiyar wasa ce, kuma babu mutum na uku.

Damina ta wuce, rani ya zo, aka rage ganin matsalar, sai ta koma can ƙasan jeri. A cikin ranin ne Sha'aibu ya kwashe makonni yana gyara wata tangarɗa, ya aiko da aikinsa cikin murna, Jalaluddeen ya ce masa ai tuni ya gyara wannan. Sha'aibu ya tambaya ta yaya mutum a Duwala zai san abin da ke cikin kan mutum a Bangi. Daga nan bai sake aiko da komai ba. Bai yi fushi a fili ba. Aiki ne kawai ya yi masa yawa, kuma har yau bai ragu ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a shekara ta gaba, Zulaihat ta rubuta maganar rezo a gurup, a fili, da bayani dalla-dalla. Jalaluddeen ya goge saƙon, ya kira ta, ya ce ta ci masa fuska gaban ƙanensa. Ta saurare shi har ya gama.

"Yaya Jalalu," ta ce, kuma rabon da ta kira shi haka tun suna yara, "na faɗa a kunne, ka ce ka ji. Na faɗa a rubuce, ka goge. Ban san wata hanya ta uku ba. Allah ya ba da lada."

Daga nan aikin sa-kai na mutum huɗu ya koma na mutum ɗaya da ƙanensa.

Alhaji Abdulmutallib ya rasu wata safiyar Talata a tsakiyar damina, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ya yi sallar Asuba a zaune, ya ce a ba shi ruwan zafi, kafin a kawo ya cika. Ana ruwa tun kafin gari ya waye, irin ruwan Bangi da ke mai da lungu rafi. Yahuza ya ratsa taɓo zuwa shago, ya rubuta sanarwar: za a yi salla a ƙofar gida kafin Azahar. Ya danna. Can sai alamar ta yi kore. Ya dawo gida ya sami yayansa a zaure.

"Yaya, sanarwar ta tafi. Amma rezo yana wasa tun safe. Ko mu tura masu baburan taksi-moto Sha Biyu da Bimbo, ko a kira su Baba Illiyasu a baki?"

Jalaluddeen yana tsaye da likkafani a hannu, ana tambayarsa turare, ana tambayarsa wa zai je wajen masu haƙa kabari, mata suna kuka a ciki. Maƙwabta biyu suna zaune a zauren suna jin su. A gabansu ƙanensa ke tambaya ko Shela ta yi aikinta.

"Ta yi kore?"

"Ta yi."

"To an aika. Je ka nemo tabarmi."

Ruwa ya tsagaita wajen hantsi. Aka yi wa Alhaji wanka, aka fito da shi, aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu, domin kowa ya san jana'izar wa za a yi. Maƙwabta suka zo. 'Yan kasuwar da shagunansu ke kusa suka zo. Liman ya tsaya yana duban bakin hanya, ya gyara rawani, ya sake dubawa. Aka ce a ɗan ƙara jira, ruwa ne ya tsare mutane. Aka jira. Tabarmin baya suka jiƙe babu wanda ya taka su. Daga ƙarshe liman ya matso ya ce a hankali, ba a ajiye mamaci don jiran mai rai.

Sahu biyu aka yi. Na biyun bai cika ba.

A hanyar maƙabarta Jalaluddeen bai yi kuka ba, haushi ne ya cika shi. Yana ɗauke da makara yana lissafa sunayen waɗanda mahaifinsa ya raka iyayensu da 'ya'yansu cikin rana da ruwa, yau ga shi yayyafi ya hana su fitowa. Ba ya mantuwa, don haka bai tsallake kowa ba.

Ranar sadakar uku Malam Illiyasu ya iso, ƙafafunsa duk jar laka, hularsa a karkace. A bakin wani mai taksi-moto ya ji, da safiyar nan, ana hirar wani abu dabam. Ya zauna a kan tabarma. Da ya yi addu'a ya shafa, sai ya juyo.

"Ɗana, ni da mahaifinka mun yi alkawari. Wanda ya riga, ɗayan ne zai sa shi a kabari da hannunsa."

"Baba, an aika saƙo."

"Ban ce ba a aika ba." Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya juya ta a tafin hannu. "Bayan maganarmu ta ranar nan, sai na ce kada in riƙa damunka. Na sayar da waccan na sayi wannan sabuwa. Ashe ita ma haka take."

Babu wanda ya ɗaga kai a zauren. Sai mai canjin kuɗi ya ce shi ma bai samu ba, kuma dama ya taɓa faɗa wa Injiniya. Direban babbar mota ya ce shi ma ya taɓa faɗa. Wani daga Bimbo ya ce ya ɗauka shi kaɗai ne. Suna faɗa suna duban juna, kowa yana mamakin jin ciwonsa a bakin wani. Ba da faɗa suka yi ba; kowanne ya rufe da cewa ba komai, haka Allah ya ƙaddara. Zulaihat tana cikin gida wajen mata, an ce ta ji komai, kuma ba ta ce uffan ba, wanda ga mai irin bakinta ba ƙaramar ta'aziyya ba ce.

Da la'asar Jalaluddeen ya je shago ya buɗe kwamfutar. Saƙon rasuwar mahaifinsa ya isa ga mutanen farko kaɗan, rezo ya yanke, sauran duka aka tsallake su. Alamar tana nan koriya. Ya zauna a kan dilar atamfa yana kallonta. Bai manta ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Yana iya faɗin zauren da Zulaihat ta tsayar da shi, da launin mayafinta, da kalmomin da ta yi amfani da su. Maganar tana cikin kansa cif, ba ta ɓata ba, ba ta kuma je ko'ina ba.

Bayan sadakar arba'in ya buɗe shafin da aka roƙe shi tun farko. Shi ya fara rubutu a ciki, da Hausa da Faransanci, ya bayyana matsalar rezo, ya sa sunansa a ƙasa. Mutanen unguwa sun koma tura samari a babur, ko Shela ta aika ko ba ta aika ba. Ana gaishe shi da mutunci a bakin masallaci, ana tambayar iyali, sai dai yanzu Jalalu ake ce masa. Malam Illiyasu yakan zo maƙabarta ranar Juma'a ya tsaya a kan kabarin da bai ga an haƙa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari ba mai nisa ba ne. Rufin asiri na mutum ne, ba na aikin da jama'a suka dogara da shi ba. Duk wanda ya ɗauki aikin sa-kai ya sani cewa matsalar da aka faɗa a kunne tana da mai ita guda ɗaya, kuma za ta jira lokacinsa da lafiyarsa da girman kansa. Wadda aka rubuta inda kowa zai gani kuwa, masu fama da ita za su san juna, masu iya gyara ta za su same ta. Kada ka sa kunyar a ga kuskurenka ta fi maka nauyi a kan mutanen da kuskuren zai faɗa wa, domin ba kai ke zaɓar ranar da zai fito ba. Matsalar da Jalaluddeen ya rubuta a shafin ta kwana ɗaya a can. Wata A'isha a Yamai, wadda ba ta taɓa zuwa Bangi ba kuma ba ta san kowa a cikin labarin nan ba, ta gyara ta a lokacin hutun cin abincinta.